Kasuwar Gadarif da Baƙinta

A ƙarshen shekarar 1861 wani Baturen Ingila mai suna Samuel Baker ya iso Gadarif, a gabashin Sudan, tare da abokiyar tafiyarsa Florence. Sun yi damina a Sofi, bakin kogin Atbara, suna shirin shiga dajin da ke iyakar Habasha, sai suka zo kasuwa neman ma'aikata da guzuri. A lokacin garin bukkokin ciyawa ne kawai. Larabawa suna kiransa Suƙ Abu Sin, wato kasuwar Abu Sin, da sunan gidan sarautar kabilar Shukuriya. Amma ranar kasuwa, wadda take ci sau biyu a mako, sai fili ya cika da raƙuma da shanu da jakuna, ga yadin Manchester, ga turare da duwatsun wuya, ga dawa tuli. Wani ɗan kasuwa Bahelene ne ya sauke su. Baker ya ba da labarin wannan duka a littafin da ya buga a 1867.

Mai karatu zai so ya san ko wace ce Florence. Marainiya ce daga Turai ta Gabas. A 1859 Baker ya gan ta a garin Vidin, cikin daular Turkawa, an kawo ta kasuwar bayi, ya fitar da ita. Ba su ɗaura aure ba sai 1865, a London. Ashe matar da take zaga rumfunan Gadarif tana taya kaya, shekara biyu da suka wuce ita ce ake tayawa. A wannan tafiya ma sai da Baker ya biya kuɗin wata baiwa mai suna Baraka, ya 'yanta ta, don ta riƙa yi musu niƙa a dutse tana toya kisira, wainar dawa mai faɗi wadda har yau ita ce abincin ƙasar. Ko 'yanci ne na gaske a bi baƙo cikin daji ana yi masa niƙa, wannan abin a duba ne. Baraka dai ba ta dawo daga dajin ba, ciwo ya kashe ta.

Ma'aikatan da Baker ya ɗauka a Gadarif Takarir ne. Haka Larabawa suke kiran baƙaƙen mutane masu zuwa daga yamma a kan hanyar Makka, tun daga Darfur har Borno da ƙasar Hausa. Da yawansu guzuri yakan ƙare, sai su tsaya su yi noma shekara ɗaya ko biyu, daga nan zama ya kama. A Gallabat, bakin iyakar Habasha, har sarautarsu suka kafa, suna noman auduga. Can Baker da Florence suka isa a 1862, suka tarar da 'yan mishan Jamusawa masu niyyar shiga Habasha da littattafai. A wurin ne kuma aka kashe Sarkin Habasha Yohanna na Huɗu a 1889, a yaƙinsa da rundunar Mahadi.

Babbar ƙaurar mutanenmu ta zo daga baya. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Gonakin auduga na Gezira da aka buɗe a 1925 suka ƙara jawo 'yan ƙwadago. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif wajen ƙarshen shekarun 1920, aka soma noma da inji a shekarun 1940, ƙasar ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Inji yana iya huɗa, amma yankan riɗi da hannu ake yi, kuma dole a yi shi da sauri kafin kwanson ya fashe. Hannuwan Hausawa suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan aiki.

Sun kuma bar alama a bakin Sudaniyawa. Naman da ake gasawa da garin gyaɗa da yaji, wanda mu muke ce wa tsire, a Sudan sunansa agashe, kuma duk Bahaushe zai ji harshensa a cikin kalmar.

Cin agashe bai sa an daina kiran masu gasa shi baƙi ba. A 2008 Hausawan Gadarif sun fito zanga-zanga saboda wata jarida ta ruwaito cewa Shugaba Umar al-Bashir ya ce su ba 'yan ƙasa ba ne, maganar da ya musanta. A Yulin 2022 suka sake fitowa, bayan kashe-kashen da aka yi a jihar Blue Nile kan gardamar ƙasa da sarauta. Su kuwa jikokin mutanen da suka iso tun kafin Sudan ta sami mulkin kai a 1956 ne. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a Afrilun 2023, dubban mutanen birni suka gudo Gadarif, aka zuba su a makarantu da gidajen dangi, a jihar da tun 2020 take riƙe da 'yan gudun hijirar Tigray, yawancinsu Kiristoci, a sansanin Um Rakuba.