Furen Sweet William: yadda ake dashen gyauronsa

Sweet William fure ne na ƙasashen sanyi, masana tsirrai na kiransa Dianthus barbatus. Asalinsa tsaunukan kudancin Turai ne, amma ya daɗe a lambunan Ingila. Tsayinsa kan kai santimita 30 zuwa 60. Furanninsa na fitowa a dunƙule a kan kara ɗaya, ja ko fari ko ruwan hoda, wasu sirki biyu, da ƙamshi mai kama da na kanumfari. Yana cikin furannin da Kate Middleton ta riƙe ranar aurenta da Yarima William a 2011.

Yawanci shekara biyu yake yi. Shekarar farko ganye kawai, sai hunturu ya wuce ta kansa sannan ya yi fure a ta biyu, ya zubar da iri. Irin da ya zube shi ke tsirowa da kansa, abin da manomanmu ke kira gyauro. A can Turai gyauron yakan faɗa cikin ciyawar ado ta tsakar gida, inda injin yankan ciyawa ke aske shi kafin ya kai ko'ina. Shi ya sa ake cire shi a mayar fangali.

Lokacin dashe a can shi ne watan Satumba zuwa Oktoba, ko da zarar sanyi ya fara janyewa. Wanda ya taɓa dashen tumatir ko tattasai ba zai sha wuya ba. A jiƙa wurin tun jajibiri. A haƙo tsiron da ƙasarsa, kar a fizgo shi, sannan a zare saiwar ciyawar da ta sarƙe da tasa. A bar tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin tsiro da tsiro, a wurin da rana ke samu kuma ruwa ba ya kwanciya. Kar a binne wuyansa, zurfin da yake a da shi za a ba shi, in ba haka ba ruɓewa zai yi. A riƙa ban ruwa har ya kama. Ba dole ne launin gyauro ya zo daidai da na uwarsa ba, tunda ƙwari na haɗa iri.

To, ga 'yan uwa masu aikin lambu a gidajen Legas, Ibadan ko Fatakwal, sai a kula. Zafi da laimar kudu ba nasa ba ne, kuma tsohon irinsa ba ya fure in bai sha sanyi ba. Akwai sabbin iri da ke fure a shekarar farko, don haka a karanta bayan fakiti kafin a biya kuɗi. In maigida ya kawo iri daga waje, gara a gaya masa wannan tun wuri, kar a wayi gari ganye ya cika fangali babu fure, a ce laifin mai lambu ne.