Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da Rubutun Ƙasar Gumel

Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa hukuma ce ta Gwamnatin Tarayya da aka ɗora wa alhakin tattarawa da adana duk abin da aka buga a Najeriya. An kafa shi bisa dokar 1964, ya buɗe ƙofarsa a Legas cikin Nuwamban shekarar, da tallafin Gidauniyar Ford ta Amurka. Doka mai lamba 29 ta 1970 ta faɗaɗa ikonsa. Yanzu hedikwatarsa na Abuja, yana kuma da rassa a galibin jihohi, ciki har da Kano da Kaduna.

Jigon aikinsa shi ne ajiyar dole. Duk mai buga littafi na kashin kansa wajibi ne ya miƙa kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25. A nan ne kuma ake karɓar lambar ISBN ta littattafai da ISSN ta mujallu. Ba a ba da aron littafi zuwa gida. A wurin ake dubawa, tare da tsofaffin jaridu da takardun sanarwar gwamnati.

Dokar ta shafi Masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar yadda ta shafi Legas. Sai dai ƙaramin littafin da aka buga a maɗaba'ar unguwa, tarihin Mangawa ne ko waƙen wa'azi ko ƙasidar bikin naɗin sarauta, sau da yawa rarraba shi ake yi hannu da hannu ba tare da lamba ba. Wanda bai isa ajiya ba ba ya shiga jerin littattafan ƙasa da hukumar ke fitarwa, gara da damina kuwa ba sa jira. Malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel da ƙungiyoyin fataken dabbobi na kasuwar Alhamis ta Maigatari, in sun buga wani abu, kwafi uku ba asara ba ce.

Mai neman tsofaffin bayanai kan yankin kuwa ya lura: a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Abin da ya gabaci haka a ƙarƙashin Jihar Kano zai neme shi, na kafin 1967 kuma a Lardin Kano na Jihar Arewa.