Daga Bokiti Zuwa Sokawe: Tarihin Ƙazamin Ruwan Legas

Mu da ke Agege da Idi-Araba da Obalende mun saba ganin motar kwasar masai, amma ba mu cika tambayar inda take kai kayan ba.

A farkon mulkin Turawa, bokiti ake ajiyewa a ƙarƙashin masai. Cikin dare masu kwasa, waɗanda Yarbawa ke kira agbepo, su bi gida-gida su ɗauka a ka, fuska a rufe don kunya. Legas ta samu ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari a 1902, daga baya aka ware masa layin da ke jigilar bokitan da dare zuwa bakin ruwa a zubar. Ya yi wannan aiki har 1933.

Ruwan famfo ya zo daga Iju a 1915. To amma an kawo ruwa, ba a yi masa hanyar fita ba. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1924, aka kafa hukumar LEDB a 1928, ta rushe gidaje, amma babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da za ta haɗe garin ba a gina ta ba, har yau. Bokiti kuwa bai kau ba sai a shekarun 1980.

Abin da ya gaje shi shi ne sokawe. Kowane gida da raminsa, in ya cika a kira tanka ta zuƙe. Wasu rukunin gidajen gwamnati, irin su Abesan da Oke-Afa da Iponri, suna da matatarsu: a tace shara, a bar laka ta kwanta, a hura iska ƙwayoyin halitta su cinye dattin, sannan a saki ruwan. Ofishin LSWMO ne ke kula da su, sai dai kaɗan suke ɗauka daga abin da birnin ke fitarwa. Sauran yana tsiyaya cikin ƙasa ko ya bi kwatami.

Nan abin ya shafe mu. A unguwanni da dama na Legas ruwa yana kusa da doron ƙasa, ga rijiya ga sokawe, bango ɗaya tsakaninsu. 'Yan ga-ruwa, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne, daga irin waɗannan rijiyoyi da burtsatse suke ɗiba su kai gidaje da masallatai. Kwalarar da ta ɓarke a Yunin 2024 ta yi ƙamari a Tsibirin Legas, inda bokitin ya fara.