Tarihin Gyaran Launin Fata a Hoto

Gyaran fata a hoto, wato daidaita launi da kamannin fatar mutum bayan an ɗauki hotonsa, sana'a ce da ta kusa yin shekaru ɗaya da ɗaukar hoto kansa, domin tun a baje kolin birnin Paris na 1855 Franz Hanfstaengl, wani mai ɗaukar hoto daga Munich a Jamus, ya nuna hoto guda kafin gyara da bayan gyara. A wancan zamani ana aikin ne da fensir mai tsini a kan negetif, wato farantin da haske da duhu suke juye a kansa, sannan a ɗakin wanke hoto a tare haske daga wani sashe na fuska ko a ƙara masa. Masu sutudiyo na Afirka ta Yamma sun gaji waɗannan dabaru, cikinsu har da Solomon Osagie Alonge, wanda ya buɗe sutudiyonsa a birnin Benin a 1942 kuma ya riƙa shafa wa wasu hotunansa launi da hannu.

Matsalar da ta fi shafar baƙar fata ta bayyana ne da yaɗuwar fim mai launi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda da shi ake auna ko launi ya fito daidai, saboda haka fuskar baƙin mutum takan fito a dushe, idanu da haƙora kaɗai suke haske. Abin lura shi ne, koke-koken da suka taimaka wajen inganta launin ƙasa-ƙasa a fim sun fito ne daga masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata na launin fata daban-daban.

Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira kuma ta fito a 1990, ta mayar da aikin kan kwamfuta, kuma a 2002 aka ƙara mata burushin goge tabo. Daga baya ƙwararru suka rungumi dabarar raba hoto gida biyu, ɗaya ya ɗauki launi da inuwa, ɗaya ya ɗauki ƙananan ramukan fata da gashinta, ta yadda za a iya kawar da ƙuraje ba tare da fuska ta koma kamar roba ba. A arewacin Najeriya bukukuwan aure da fastocin finafinan Kannywood ne suka fi ciyar da sana'ar, kuma a Bauchi, daga shagunan Wunti zuwa unguwar Miri da ke kan hanyar Jos, hoton kamu ko na kafin aure da wuya ya isa hannun masu shi bai bi ta gyara ba.

Wayoyin hannu sun cike giɓin da fim ya bari, inda kamfanin Transsion mai Tecno ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, Google kuma ya fitar da irin wannan fasaha mai suna Real Tone a 2021, sannan a 2022 ya karɓi ma'aunin launin fata mai matakai 10 na Farfesa Ellis Monk na Jami'ar Harvard. Sai dai yanzu da na'ura ta iya fitar da baƙar fata yadda take, buƙatar masu hoto ce take jan aikin wani ɓangare, domin ba kaɗan ba ne suke neman a haska su, har wankan tarwaɗa ta koma fara, a shafe bille ko tsagar gado, yayin da hannaye masu lalle suke nan da launinsu na asali, bambancin da masu gyara nagari suke fara dubawa kafin su miƙa hoto.