Ina ma'aikatan sosiyal na da suka shiga?

Lokacin da nake ƴar lakwal a Maradi, akwai wata mata da muke kira Madan Sosiyal. Yaro ya daina zuwa aji, ko aka ga shatar bulala a bayansa, mushe zai aika mata. Ta san kowane zaure a unguwa, ta san gidan da za ta fara gaida kaka kafin ta nemi uba. Wannan sanin ba a karatu ake samunsa ba, shekaru ne suke tara shi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, amma shekarun da suka biyo baya su ne mafi tsanani ga masu wannan aiki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Albashin ma'aikatan gwamnati ya riƙa makalewa watanni, aka kuma taƙaita ɗaukar sababbi. Madan ta ci gaba da zagaye a ƙafa har ta gaji, ta koma sayar da atamfa. Ba wanda aka turo madadinta.

A 1999 aka yi dokar kafa kotunan yara, aikin bin iyalai ya ƙaru, hannuwa ba su ƙaru ba. Sai yunwar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004. Ƙungiyoyin agaji suka cika Maradi, suka ɗauki ƙwararrun da suka rage da albashi mai kyau. Ban ga laifinsu ba, ni ma da kwantiragi na fara koyarwa, na san zafin jiran ƙarshen wata. Amma furoje yana da wa'adi. In ya ƙare, ma'aikaciya ta tafi wani gari, amanar da iyaye suka ba ta ta bi ta.

Bara wata ɗalibata ƴar shekara 13 ta ɓace daga aji, aka ce aure za a yi mata. Matashiyar da aka turo ita ce ta uku cikin shekara huɗu. Da kuɗinta ta hau kabu-kabu zuwa gidan, uban ya hana ta shiga don bai san ta ba. Ta dawo ta zauna a ajina tana kuka, ta ce ba ta da wanda za ta faɗa wa abin da take gani kullum. Ƙungiyar iyayen ɗalibanmu yanzu ita ke biyan kuɗin hawanta, kuma shugabar uwaye ke raka ta gidaje. Yarinyar dai ba ta dawo ba tukuna.