Ramin Ibn Firnas a Bayan Wata da Sharuɗɗan Karɓar Shaidar Hoto

Tun daga ranar da Allah Maɗaukakin Sarki ya zaunar da ɗan Adam a doron ƙasa har zuwa watan Oktoba na shekarar 1959, babu idon wani mahaluki daga cikinmu da ya taɓa sauka a kan bayan wata, ko na malamin falaki a Bagadaza, ko na manomin Ruma da Runka mai lissafin shukarsa da manzilolin taurari ashirin da takwas, domin wata yana juyawa a kan kansa cikin kwana 27 da sulusi, daidai da muddar da yake ɗauka wajen kewaya duniya, saboda haka fuska ɗaya tak yake ba mu kullum. Ɗan rangajin da yake yi cikin tafiyarsa shi ya sa, in an tara duban darare masu yawa, ake iya ganin kashi 59 cikin ɗari na jikinsa, sauran 41 kuwa suna ɓoye. Masu cewa wancan ɓangare yana cikin duhu dawwamamme sun yi kuskure, don a daren da jama'a ke fita neman jinjirin watan azumi, can baya rana ce tsaka.

A wannan ɓoyayyen ɓangare, arewa kaɗan da tsakiyar wata, akwai wani tsohon rami mai faɗin kilomita 89, wato zango uku ko huɗu na fataken dā, wanda Ƙungiyar Malaman Falaki ta Duniya ta raɗa wa sunan Ibn Firnas a 1976. Bakinsa ya lallace, ƙananan ramuka sun cinye gefensa na arewa da na gabas, wani ya zauna a kan bangonsa na ciki ta kudu maso gabas har ya rufe wani sashe na gindinsa. Manne da shi ta kudu maso yamma akwai ramin King, mai faɗin kilomita 76, bakinsa da kaifi, bangonsa hawa-hawa, da tsauni mai rassa a tsakiyarsa. Masu ɗaukar hoto King suke so, shi ne kuma ya cika littattafai. Ni kuwa ra'ayina shi ne lalataccen ramin ya fi maƙwabcinsa yawan labari, amma ba a samun labarin sai an bi hotonsa da irin binciken da alƙali adali ke yi wa shaidu.

Mai sunan, Abbas ɗan Firnas, mutumin Andalus ne da ya rasu a Ƙurɗuba wajen shekarar 887, masanin falaki da sana'ar gilashi, wanda aka ruwaito cewa ya ɗaura fukafukai ya gwada tashi sama. Mafi shaharar riwayar wannan gwaji tana cikin Nafhuɗ Ɗibi na Shehu Ahmad al-Maƙƙari, wanda ya rasu a 1632, shi ne kuwa mai Ida'atud Dujunna da ake karantawa a zaurukanmu, ya kuma sadu da Ahmad Baba na Tambutu a Marrakish. Ashe sunan da ke kan wannan rami ba baƙo ba ne ga almajirin ƙasar Katsina, wadda ta fitar da Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Abin tambaya shi ne yadda abu zai zaizaye a wurin da babu ruwa, babu iska. Mutanen Batsari da Safana sun san zaizaya a gonakinsu: ruwan Agusta ya sauko daga kan duwatsu ya tsaga kwazazzabo a tsakiyar gonar rogo cikin damina biyu ko uku, zafin bazara da sanyin hunturu su yi ta ɓare bayan dutse, saiwar bishiya ta shiga tsaga ta buɗe ta, korama ta kwashe yashin ta yi gaba da shi. Waɗannan duwatsu, waɗanda masana ƙasa ke ba irinsu kimanin shekara miliyan 600, mu ne muke ganinsu tsofaffi. A wata kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sababai in ban da sauyin zafi da sanyi. Mai rushewa a can jifa ne daga sararin sama, tun daga dutse mai girman tsauni har zuwa ƙwayar ƙura, kowanne yana faɗowa da gudun da ya kai wajen kilomita 20 a daƙiƙa guda, ba tare da wata iska da za ta tare shi ba. Babban jifa yakan fasa baki ya binne gindi da ɓaraguzai, girgizarsa kuma ta sa bango ya zame, ƙanana kuwa suna niƙa dutse a hankali har ya zama gari. Saboda jinkirin wannan aiki, manyan lalatattun ramukan tuddan wata galibinsu sun haura shekara biliyan 3.8, wato sun ninka duwatsun Ruma fiye da sau shida.

A nan ne hujjata take. Magabata sun ce sawun giwa ya taka na raƙumi, kuma duk maharbin da ya san dajin Rugu ya san cewa sawun da ke sama shi ne na baya. Da wannan ƙa'ida ake karanta wata. Tunda ɓaraguzan King sun kwanta a kan kudu maso yammacin Ibn Firnas, babu shakka Ibn Firnas ne ya riga shi. Tunda kuma jifa yana sauka a kan kowane fili gwargwadon daɗewarsa a buɗe, ƙidayar ƙananan ramukan da ke kan wuri ita ce ma'aunin shekarunsa, bayan an daidaita ma'aunin da duwatsun da kumbunan Apollo da Luna suka kawo aka auna su a ɗakin gwaji. Da haka aka ƙiyasta wa King kimanin shekara biliyan ɗaya. Sabon rami labarin rana ɗaya yake bayarwa, ranar da aka jefe shi, alhali tsohon yana ɗauke da tabon duk abin da ya sauka a kansa tun daga wancan zamani mai nisa, wanda duniyarmu ta shafe kusan dukkan alamunsa da ruwanta da iskarta. Bayan wata kuma ya fi gabansa adana irin wannan tarihi, domin narkakken dutsen da ya malale kusan sulusin fuskar da muke gani, ya bar baƙaƙen shimfiɗun nan da yara ke nunawa, bai rufe fiye da kashi biyu cikin ɗari na baya ba.

Sai dai mai karatu zai ce gani ya kori ji, hoto kuma gani ne. Wannan magana tana buƙatar ƙaidi. Ranar 7 ga Oktoba 1959 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 3 ya ɗauki hoto 29 daga nisan fiye da kilomita 60,000, ya wanke fim ɗin a cikinsa, ya aiko da 17 ta rediyo, dishi-dishi. Babbar illarsu ita ce rana tana bayan kumbon, haskenta ya faɗa tsaye a kan ƙasa, babu inuwa. Lalataccen rami kuwa, wanda launinsa ɗaya ne da na abin da ke kewaye da shi, in ba inuwa ba a ganinsa sam. Shi ya sa kumbuna biyar na Lunar Orbiter, waɗanda Amurka ta aika a 1966 da 1967, aka tsara su ɗauki hotunansu lokacin da rana ta yi ƙasa, sai bangaye suka fito. Amma karkataccen haske shi ma yana da nasa ƙari, yakan mai da ɗan tudu tsauni, ya ɓoye gindin rami cikin baƙi. A Afrilun 1972 Ken Mattingly, yana kewaya wata shi kaɗai cikin Apollo 16, ya ɗauki yankin King da Ibn Firnas da manyan na'urori biyu, a hanyar komowa kuma ya fita waje cikin sarari ya ciro gwangwanayen fim ɗin da hannunsa. Tun 2009 kumbon LRO ke ɗaukar hoton da ɗigonsa ɗaya yake daidai da rabin mita, yana kuma auna tudu da kwari da hasken leza, awon da bai dogara da inuwa ba. A 2016, ta hanyar gwama hotunan wuri ɗaya na lokuta biyu, masana suka ƙirga sababbin ramuka 222, wato an kama zaizayar tana cikin aikinta.

Saboda haka hoto riwaya ce, sai an san wanda ya ɗauka, da nisansa, da inda rana take a sa'ar. Ga masu kokwanton asalin al'amarin kuwa, waɗanda ba su da kaɗan a majalisunmu, ina tunatar da su sharaɗin tawaturi da malaman hadisi suka kafa, cewa labari yana zama yaƙini in ya zo daga jama'ar da bisa al'ada ba za su haɗa baki a kan ƙarya ba. Tarayyar Sobiyet da Amurka suna tsakiyar gaba lokacin da suka ɗauki nasu. Japan ta aika Kaguya a 2007, Indiya ta bi a 2008, Sin ta sauke Chang'e 4 a bayan wata ranar 3 ga Janairu 2019, ta kuma ɗebo ƙasarsa gram 1,935 a Yunin 2024. Taswirorinsu duka sun dace.

Wanda ya koya wa matuƙan Apollo duban ƙasa daga sama Bamisire ne, Faruƙ al-Baz, wanda daga baya ya juya wannan ilmi ga neman ruwan ƙarƙashin ƙasa a hamada. Idon da ya iya bambance tsohon baki da sabo a wata shi ne zai iya auna yadda kwazazzabo ke cin gona a Safana, da yadda dajin Rugu ke ja da baya shekara bayan shekara, musamman yanzu da rashin tsaro ya hana masu bincike taka wurare da yawa da ƙafa. Nijeriya ta harba tauraronta na farko a 2003, hotunan LRO kuwa Jami'ar Jihar Arizona ta sa su a intanet kyauta. Ina roƙon malaman labarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su sa karatun waɗannan hotuna cikin darussansu, su fara da ramin Ibn Firnas, su kuma rubuta bayaninsa da Hausa don makarantun Batsari da Safana.