Gatari da Toho: Tarihin Kula da Bishiyoyin Gona a Arewacin Kano

Ƙasar noman da ta shimfiɗu daga bayan ganuwar Kano zuwa arewa, ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana noma ta shekara bayan shekara ba tare da an bar ta ta zama saura ba, wato gonar da aka ƙyale ta huta har daji ya rufe ta. A bisa hasashe, ƙasa irin wannan ya kamata a ce gatari ya gama da ita tuntuni, amma abin da ido yake gani shi ne ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya da kanya a tsaye jefi-jefi a tsakiyar gero da dawa. Waɗannan bishiyoyi aikin hannu ne, domin kowace ɗaya an zaɓe ta tun tana toho, an kare ta daga bakin akuya, an kuma yi ta rage mata rassa bisa ƙa'ida har ta girma, kuma tarihin wannan aiki shi ne tarihin manoma da mahaya bishiya da masu faskare da suka riƙe shi.

Tsarin ya girmi zuwan Turawa, domin matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya iso Kano daga wajen Katsina a watan Fabrairun 1851, ya kuma bayyana ƙasar da ya ratsa a matsayin gonaki da ƙauyuka masu yalwar manyan bishiyoyi. Abin da ya raya su shi ne amfani da mallaka. Ɗorawa tana ba da gari mai zaƙi da kalwar da ake yin daddawa, ɓawon 'ya'yanta kuma ana yin makuba da shi, wato ruwan da ake shafe bango da daɓe don su jure ruwan sama. Kuka tana ba da ganyen miya da igiya, bagaruwa tana hannun majema, rimi yana ba da audugar matashin kai, giginya kuwa ita ce tushen azarar da ake rufin soro da ita. Saboda wannan daraja, al'ada ta bambanta haƙƙin ƙasa da haƙƙin bishiya, ta yadda mutum zai iya ba da aron gona ko jinginarta ya riƙe amfanin ɗorawar da ke ciki, kuma a wajen rabon gado akan ƙidaya manyan bishiyoyi a cikin dukiyar mamaci.

Kular da ake yi wa bishiya tana farawa ne a lokacin sharar gona, sa'ad da manomi yake bin tohon da ya fito da kansa yana yanke hukuncin wanda zai sare da wanda zai bari. Wanda ya bari yakan cire masa ƙananan rassa ya bar sanda guda don ya miƙe, ya kewaye shi da ƙaya saboda dabbobin da ake saki da rani, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan bishiya ta girma, kowace iri tana da lokacinta. Ana saran rassan kuka a ƙarshen damina don a shanya ganyen, wanda hakan ne ya sa kukokin gonakin Kano suke da kauri da gajerun rassa. Gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya sake fitar da shi da rani, ba ya tare wa shuka rana, kuma ana sauke rassansa da 'ya'yansa ga awaki da tumaki a lokacin da harawa ta ƙare. Ɗorawa kuwa ba a kai mata gatari tun daga fitar tutunta har a gama ɗibar 'ya'yanta da bazara. Kafin saukar ruwa kuma akan rage wa bishiyoyi masu duhun ganye rassa, domin hatsin da ke ƙarƙashin inuwa ba ya yin kirki.

Ba kowane manomi ne yake iya hawan babbar bishiya ba, saboda haka akan nemi gwanayen hawa, waɗanda ake yin jinga da su ko a biya su da wani kaso na itacen. Mai hawa yakan rataya gatari a kafaɗa ya hau ba takalmi, idan kuma kuka ce mai santsin jiki sai ya bi turakun da aka kafa a jikinta, ya sami mararrabar rassa ya kafa ƙafa kafin ya fara sara. Gwani yakan soma saran reshe daga ƙasa sannan ya ƙarasa daga sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon uwar bishiyar ya bar mata rauni, idan kuma reshen ya rataya a kan katanga ko rumbu sai a ɗaure shi da igiya mutanen ƙasa su ja shi gefe. Haɗarin aikin a fili yake, tun daga ruɓaɓɓen reshe har zuwa ƙudan zuma da ke cikin kogo ko amya. Daga ƙasa kuma masu faskare suke karɓa, su tsaga gungume su ɗaure dami, mata da yara su tsince ƙirare, masassaƙa kuwa su zaɓi abin da ya dace da turmi da akushi da ƙota, har da aduwar da ake sassaƙa allon karatu da ita.

Wannan itace shi ne ya daɗe yana hura wutar birnin Kano. Har cikin shekarun 1960 jakuna ne suke shiga ƙofofin birni da safe ɗauke da itacen girki daga ƙauyukan kewaye, su komo da takin da aka kwaso daga gidaje da jujin birni, wanda ake zubawa a gonakin da itacen ya fito. Muhimmin abin lura shi ne cewa yawancin wannan itace na rassa ne da matattun bishiyoyi, domin mai gona ba ya kayar da ɗorawa mai haihuwa sai matsi ya kai maƙura.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun zo da wata fahimta ta dabam, wadda take ganin cewa bishiya tana tsira ne kawai idan aka raba ta da manomi. Dokar gandun daji ta 1916 da wadda ta biyo bayanta a 1937 sun ba da damar keɓe dazuzzuka da hana saran wasu irin bishiyoyi sai da izini, kuma En'e, wato hukumar gargajiya, ta ɗauki malaman daji don sa ido. Tsoron hamada ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, musamman bayan masanin daji E. P. Stebbing ya yi shela a 1935 cewa Sahara tana gangarowa kudu, ko da yake kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937 bai sami hujjar da ta tabbatar da hakan ba. A arewacin Kano, inda babu sauran daji mai faɗi da za a keɓe, tasirin zamanin da ya fi daɗewa shi ne darbejiya, ko dogon yaro, bishiyar ƙasar Indiya da aka fara dasawa a Barno a 1928, wadda ta bazu daga bakin hanyoyi da kasuwanni zuwa gonaki saboda saurin tohonta bayan sara. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, gwamnati ta ƙara himma wajen dasa jerin bishiyoyin turare don tare iska, kamar waɗanda ke ƙasar Ɗambatta.

Binciken masana ya nuna cewa manomin da aka zarga shi ne mai riƙe da bishiyoyin. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara rubutu kan wannan yanki a 1965, kuma a wani nazarin itacen girki da shi da Reginald Cline-Cole da abokan aikinsu suka wallafa a 1990, hotunan sama da ƙidayar gonaki sun nuna cewa akwai manyan bishiyoyi kimanin 12 zuwa 15 a kowace hekta, kuma yawansu bai ragu ba duk da fari da bunƙasar birni. Wani dalili kuma shi ne manyan motoci sun karɓi kasuwar daga hannun jakuna, suna kwaso itace daga dazuzzukan kudu masu nisan ɗaruruwan kilomita, inda bishiya ba ta da takamaiman mai ita. Nazarin Muhammad Usman da Janet Nichol na 2018 ya gano cewa yawan bishiyoyin gonakin Kano ya ma ƙaru ƙwarai. A Maraɗi ma, tun daga 1983 aka farfaɗo da gonaki ta hanyar sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana gyara shi, dabarar da ta yi daidai da abin da manoman Kano suka gada.

Sai dai yawa ba shi ne komai ba, domin darbejiya ce take ƙaruwa, alhali ɗorawa da rimi da ɗinya da dama tsofaffi ne da ba su da isassun magada a gonaki. Gado yana ƙara tsaga gonaki, birni yana cinye na kusa da shi, injin yanka kuma yana kayar da bishiyar da ta shekara ɗari a cikin yini guda. Darasin da tarihin yankin ya bayar shi ne cewa bishiya tana rayuwa a inda take da mai ita da ke cin amfaninta, saboda haka duk shirin dashen da ke son ɗorewa a arewacin Kano ya wajaba ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan bishiyar gonarsa, ya kuma ba ɗorawa da gawo da kuka muhimmancin da ake ba irin da aka kawo daga waje.